Yadda Ake Fatsar Bas Ɗan Ruwa-Biyu a Ƙaramin Dam da Aka Zuba wa Sabon Iri

A Amurka, da zarar hukumar kula da kifi da namun daji ta wata jiha ta sanar da cewa ta zuba 'ya'yan bas ɗan ruwa-biyu a wani ƙaramin dam, sai ka ga bakin ruwan ya cika da masu fatsa tun kafin mako ya zagayo. Ni ma na bi wannan ayari a shekarar da na fara fatsa a jihar Teksas, na yi Asabar huɗu a jere ina jefa ƙugiya, sai daga baya wani dattijo da muke zama kusa da juna ya nuna mini ɗan yatsansa, ya ce kifin da nake nema bai kai tsawon wannan ba tukuna. Ya kamata mai son wannan kifi ya san abin da zai sa rai da shi kafin ya kashe kuɗin mai da na lasisi.

Wannan kifi haɗin mutum ne, kamar yadda masu kiwon kifi a Nijeriya suke haɗa tarwaɗa da ramboshi domin su sami iri mai saurin girma. Iyayensa biyu ne: babban bas mai zane, wanda asalinsa kifin teku ne da ke hawowa kogi ya yi ƙwai, da kuma farin bas, wanda ƙarami ne mazaunin ruwan daɗi. An fara haɗa su a jihar Karolina ta Kudu a tsakiyar shekarun 1960. Idan uwar ce bas mai zane, ana kiran ɗan "palmetto", idan kuwa uwar farin bas ce, ana kiransa "sunshine", a jihohi irin su Kansas da Nebraska kuma sunan da ya fi yawo a bakin mutane shi ne "wiper". Ya ɗauko girma daga wajen bas mai zane, ya ɗauko jure ɗumin ruwa daga wajen farin bas, shi ya sa yake rayuwa a ƙananan madatsun ruwa inda babban bas ba zai kai labari ba. Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne, ba ya hayayyafar da za ta riƙe dam da kanta, don haka kusan duk wanda ka kama, wani ne ya ɗauko shi a mota ya zuba.

Matakin farko shi ne ka binciki abin da aka zuba, da lokacin da aka zuba shi. Hukumar Teksas tana wallafa tarihin zuba kifi na kowane dam a intanet, shekara bi shekara, tare da adadi da kuma girman 'ya'yan, wasu jihohin ma suna yin haka. Galibi ana zuba su ne a tsakanin watan Afrilu da Yuni, ko dai suna 'yan kwanaki da ƙyanƙyashewa, ko kuma sun kai inci ɗaya zuwa biyu. Na biyun sun fi tsira, domin na farkon da yawansu suna ƙarewa a cikin manyan kifayen da suka tarar a ruwan. Idan abinci ya wadata, ɗan kifin yakan doshi inci goma kafin shekara ta cika, sannan ya ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ya kai inci 18, wato kimanin santimita 46. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin dokar Teksas ta gama-gari ba ta yarda a tafi gida da wanda bai kai inci 18 ba, kuma ba a wuce guda biyar a rana. Ke nan shekarar farko ta kallo ce, ta biyu ta kamawa da saki ce, sai a ta uku ake fara maganar tukunya. Ka kuma duba ko an ci gaba da zubawa a shekarun da suka biyo baya, domin yawancinsu ba sa wuce shekara shida ko bakwai, kuma dam ɗin da aka zuba wa sau ɗaya aka bari, armashinsa na ɗan lokaci ne.

Mataki na biyu shi ne ka dubi abincinsa. Bas ɗan ruwa-biyu mafarauci ne na tsakiyar ruwa, yana yawo garke-garke yana bin wani ƙaramin kifi mai sheƙin azurfa da ake kira shad. Sau da yawa ma dalilin zuba shi ke nan, wato shad ya yi yawa har ya cunkushe dam, ana so a rage shi. Ka je bakin ruwa da sassafe lokacin da iska ta kwanta, ka tsaya shiru. Idan ka ga saman ruwa yana ɗan ɗigo-ɗigo kamar ana yayyafi alhali sama wasai take, to shad ne, kuma wannan albishir ne. Dam ɗin da ba shi da shad zai iya riƙe kifin, amma zai fito siriri, girmansa kuma zai yi jinkiri. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowanne faɗin gaskiya game da makomar dam, ya fi adadin dubban da aka rubuta a takarda. Kada kuma ka sa ran ƙaramin ruwa zai ba ka irin bas ɗan ruwa-biyun da aka kama a tafkin Greers Ferry na jihar Akansas a 1997, wanda ya haura kilo 12 kuma ya kafa tarihin duniya. A ƙaramin dam, mai kilo biyu zuwa uku kifi ne na a zo a gani.

Akwai wata asara da ƙananan madatsu suka fi fama da ita. Wannan kifi yana son bin ruwa mai gudu, don haka idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi har dam ya cika ya tumbatsa ta mazubarsa, wasu sukan bi ruwan su fice. Bayan irin wannan ambaliya, yana da kyau ka gwada kwarin da ke ƙasan mazubar, idan doka ta yarda a shiga wurin.

Wurin da za ka same shi yana sauyawa da lokaci. Daga Maris zuwa Mayu, yayin da ruwa ya fara ɗumi, yakan hau zuwa bakin rafin da ke shayar da dam ɗin, yana bin ɗabi'ar iyayensa ta zuwa yin ƙwai, kuma wannan ne lokacin da wanda ba shi da kwale-kwale ya fi samun rabo. Ka zaɓi gaɓar da iska ke bugawa, ko da jifa a can ya fi wuya, domin iska tana tara abincin shad a wannan gefen, shad ya biyo, bas ya biyo shad. Idan zafi ya tsananta a Yuli da Agusta, ruwan dam yakan rabu hawa-hawa: na sama ya yi ɗumi, na can ƙasa ya yi sanyi amma iskar shaƙa ta ƙare a cikinsa. Kifin yakan tsaya a daidai kan iyakar nan, don haka wanda ya jefa dalma har ƙasan wuri mafi zurfi yana jira ne a inda babu mai rai. Na'urar hango kifi tana nuna wannan iyaka, wanda ba shi da ita kuma sai ya riƙa gwada zurfi daban-daban har ya dace. Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba ne ake ganin abin da ya sa mutane suke ƙaunar wannan kifi. Da asuba ko dab da magariba, garken yakan koro shad zuwa sama, ruwa ya riƙa tafasa kamar tukunya, tsuntsaye suna faɗowa daga sama suna wawaso. Abin ba ya daɗewa. Ka kashe inji daga nesa, ka matso a hankali, ka jefa can bayan garken ka jawo ta cikinsa, domin wanda ya kutsa tsakiya da kwale-kwale ya kore wa kowa.

Kayan aiki ba sa buƙatar tsada. Sanda mai matsakaicin ƙarfi da zaren da zai ɗauki kilo biyar zuwa bakwai sun isa. Abin da ba a wasa da shi shi ne birkin abin naɗe zare: ka sassauta shi yadda kifi zai iya jan zare ba tare da ya tsinke ba, domin fizgar farko ta wannan kifi tana da ƙarfi ƙwarai, har takan ja sandar da aka ajiye ba a kafe ba ta shige ruwa. A ɓangaren abin da ake sa wa ƙugiya, shad mai rai ne kan gaba, sai yankakkensa, sai hantar kaza, wadda masu fatsa daga gaɓa suka daɗe suna amfani da ita. Hanta tana saurin zamewa, don haka ka ajiye ta a ƙanƙara ta yi tauri, ka ɗaure ta da siririn zare. Idan garke yana sama, cokalin ƙarfe mai walƙiya ko farin kifin roba daidai girman shad ɗin da ke ruwan ya wadatar. Ga wanda ya taso yana jefa birgi a gida, a Teksas an yarda ka kama shad da shi, amma ba a yarda ka kama bas da kowace irin raga ba, sai da sanda da ƙugiya. Haka kuma ba a ɗaukar shad mai rai a cikin ruwan wani dam a kai shi wani, saboda gudun yaɗa wata ƙaramar halittar ruwa mai ɓawo wadda ke toshe bututun ruwa.

Dole ne kuma ka iya bambanta shi da farin bas, domin dokarsu ba ɗaya ba ce: farin bas a Teksas ana iya tafiya da shi idan ya kai inci 10, har guda 25 a rana. Ƙaramin ɗan ruwa-biyu yana kama da babban farin bas sosai, kuma a nan ne mutane suke faɗawa hannun jami'an tsaron ruwa ba da niyya ba. Zanen jikin ɗan ruwa-biyu ya fi duhu, yana kakkaryewa, kuma layuka da yawa suna kaiwa har wutsiya. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka buɗe bakinsa ka dubi bayan harshensa: farin bas yana da tabon ƙananan haƙora guda ɗaya, ɗan ruwa-biyu kuwa yawanci guda biyu. Idan ka yi shakka, ka mayar da shi ruwa.

Yadda ake sakin ƙanana shi ne abin da ya fi damuna, domin a shekara ta biyu kusan duk abin da za ka kama bai kai inci 18 ba. Ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, ka kula da kaifin murfin wurin numfashinsa wanda yakan yanki yatsa, ka cire ƙugiya yana cikin ruwa idan zai yiwu. Ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe ta fi dacewa da hanta ko shad, domin takan kama gefen baki maimakon ta wuce ciki. A tsananin zafi, wanda aka daɗe ana ja da shi yakan mutu bayan an sake shi ko da ka ga ya yi iyo ya tafi, saboda haka ni nakan daina nemansa a Yuli idan na san dam ɗin cike yake da ƙanana, in jira sanyin Oktoba. Wanda ya kai ƙa'ida kuma ka yi niyyar ci, ka yanke shi jini ya fita nan take, ka sa shi a kula cikin ƙanƙara, sannan idan ka zo gyarawa ka cire jan naman da ke bin tsakiyar gefensa, domin a nan ƙarninsa yake.