Shagon oga ko jami'a: yadda za ka bi ka zama injiniyan lantarki

Ɗan yayata ya ƙare sakandare bana, ya same ni wai kawu, in tafi shagon masu wayarin ne ko in cike JAMB? Abin da na gaya mishi shi zan gaya maku.

Da farko dai a ƙasar nan shago bai ba da digiri. A Ingila tun 2015 suna da tsarin da kamfani ke ɗaukar yaro aiki, yana ba shi albashi kuma ana biya mishi karatun digiri, mu nan sai dai ka haɗa abinka da kanka.

In jami'a kake so kai tsaye, nemi kiredit biyar a WAEC ko NECO, dole da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, kuma su huɗun nan za ka rubuta a JAMB. Shekara 5 ne karatun, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan kusa. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, gida za su iya ɗaukar ka shekara biyar ba ka kawo ko sisi? Kuma lissafi bai ba ka tsoro? Don nan ne yara ke zubewa.

In aljihu bai kai ba, shiga shago, ba faɗuwa ba ce wallahi. Sai dai ka zaɓi ogan da ke sakar ma yaro aiki, ba wanda za ka shekara kana ɗaukar mishi tsani da sayo shayi ba. Je ka zauna shagon kwana biyu ka gani, yaransa na riƙe testa da filaya ko kallo kawai suke yi? Ka koyi wayarin gida, naɗin koyil na fanka da injin ruwa, sannan sola, don da zafin Sakkwato na watan Afrilu da yadda wuta ke ɗaukewa, mai haɗa sola bai zama banza.

To ga inda nake son ka buɗe kunne. Kana shago kada ka saki takarda. Yi tired tes (trade test), wato jarrabawar gwajin sana'ar hannu ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, in sakamakonka na sakandare bai cika ba gyara shi da NECO ko NABTEB, jarrabawar makarantun fasaha da kasuwanci, ka nemi ND, wato difloma ta ƙasa, ta shekara 2 a kwalejin Umaru Ali Shinkafi, safe aji yamma shago, in ka fito da sakamako mai kyau sai ka cike DE, fom ɗin JAMB na masu difloma da makamantansu, ka faɗa aji biyu na jami'a. Hanyar ta fi tsawo amma kana tafe kana ci da kanka. COREN mai rajistar injiniyoyi ma takarda take dubawa, matakin mai digiri daban na mai sana'ar hannu daban.

Na ga wani ƙwararre, hannu kamar me, ya haɗa ma maƙwabcina sola, ƙarfe biyun dare batir ya mutu yara na kuka don zafi, saboda bai iya lissafa lodin gidan ba, firij da fanka huɗu ya ɗora ma batir ɗaya. Abin ya dame ni ƙwarai, lissafin da bai wuce rabin shafi ba ne ya rasa. Kai kuma ɗan jami'a, wata shida na SIWES ɗin nan da ake tura ɗalibai koyon aiki a waje, kada ka kai takarda a sa maka hannu kana kwance gida, nemi shago ko kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric ka sa rigar aiki, hutu ma in an yi ka koma.

Shi yaron namu ND zai nema, ranar Asabar zan kai shi wurin ogan da na yarda da shi.