Yadda ake ɗaukar hoton ido don gano keratokonas tun da wuri

Yawancin sababbin hannu da na gani gaban na'urar taswirar ido, wadda ke nuna lanƙwasar gaban ido da launuka, a nan Sakkwato, ba karanta hoton ne ke kayar da su ba. Hoton ne tun farko ya lalace. Keratokonas dai cuta ce da ke sa koniya, fatar nan mai kama da gilashi da ke rufe da baƙin ido, ta yi siriri ta turo gaba kamar malafa. Matasa ta fi kamawa. Yaron da tabarau ba ya yi masa shekara, kuma kullum yana murza ido saboda ƙaiƙayi, shi za ka fara zargi.

Kafin ya zauna, tambaye shi ko yana sa tabarau na mannawa a ido. Mai laushi a cire shi mako guda kafin hoto, mai tauri mako uku. A goge tozali. Kada ka auna matsin ido tukuna, wannan sai bayan hoto.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Zobban hasken na'ura irin ta Placido a kan hawayen da ke lulluɓe da koniya suke sauka, hawayen ne madubin. Da hunturu kuwa, ga ƙura ga fanka a ka, ido kan bushe cikin daƙiƙu. Kashe fankar. Ka ce, “Ƙanena, ƙifta sau biyu, buɗe sosai, dubi ɗigon hasken nan.” Yana buɗewa ka ɗauka, ban da jira. Sannan dubi zobban kansu kafin ka dubi launi: in sun kakkarye kamar zaren da ya tsinke, zubar da hoton. Na taɓa tayar wa wata uwa hankali kan jan tabo a taswirar 'yarta, da muka ɗiga hawayen roba, wato maganin ɗigawa mai jiƙa ido, muka jira minti biyar, tabon ya ɓace. In fatar ido ta rufe sama, ɗaga ta ka dafe a ƙashin gira. In babban yatsa ya danna ƙwayar ido, ka ƙirƙiro karkacewar da babu ita. Ni hoto uku nake ɗauka a kowane ido, ko da janareta na shan dizal, kuma in ba su yi kama ba ban yarda da ko ɗaya ba.

Ja ba shi ne cuta ba, duba ma'aunin launin da ke gefe. Da diyofta ake auna lanƙwasar koniya, ta lafiyayya wajen 43 ce. In ta wuce 47, ko ƙasan koniya ya fi samanta lanƙwasa da fiye da diyofta 1.4, akwai magana. Kaurin tsakiyar koniya kuwa wajen maikiron 540 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), to nemi wuri mafi siriri ka ga ko ya zame ƙasa. In Pentacam gare ku, na'urar da ke ɗaukar gaba da bayan koniya, duba bayan, can ciwon kan fara nunawa. Ɗaya idon ma dole, ko mai shi ya rantse lafiyarsa lau.

A maimaita bayan wata uku zuwa shida, a na'ura ɗaya. In lambobin lanƙwasa na hawa, tura shi wurin likitan koniya da wuri, don aikin ƙarfafa ta da ribofilabin (bitamin B2) da hasken UV, a tsarin da aka saba, yana son kaurin koniya aƙalla maikiron 400. Ka magance ƙaiƙayin, ka hana murza ido. Inda babu na'ura, ɗauki ratinoskof, fitilar hannu da ake auna tabarau da ita: in hasken ya rabu biyu yana buɗewa yana rufewa kamar almakashi, rubuta masa takardar turawa.