Kafin ka nemi bizar aiki, duba inda za ta kai ka

Shekara biyu na ɓata saboda ban yi tambaya ɗaya ba: bizar nan tana kai mutum ga izinin zama na dindindin, ko kuwa ranar da kwangila ta ƙare sai ɗaurin kaya? Ni injiniya ne, na ɗauka takardar digiri ta gama magana. Ashe da sauran rina a kaba.

Fara da Kanada, don ita ce ba ta ɓoye lissafinta. Tsarin Express Entry, hanyar da ƙwararrun ma'aikata ke bi su nemi zama na dindindin, wanda aka buɗe a 2015, maki yake bayarwa bisa shekaru, ilimi, harshe da gogewar aiki, ƙololuwarsa 1,200. Idan wani lardi ya zaɓe ka, an ƙara maka 600 nan take. Amma kafin ka cika komai, abu biyu za ka riƙe a hannu: sakamakon jarrabawar harshe, irin ta Turanci ta IELTS, nau'in General Training (ba Academic ba, mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a nan) da tantance digirinka daga hukuma irin WES. Sakamakon jarrabawar shekara biyu yake yi ya mutu. Makin shekaru kuwa daga 30 yake fara zubewa, saboda haka jan ƙafa ma asara ne.

Inda na sha wuya shi ne wasiƙar shaidar aiki. Tsohon wurin aikina layi uku suka rubuto mini: ya yi aiki da mu, yana da ladabi. Wannan ba ta amfanar komai. Dole a ga ranar farawa da gamawa, awa nawa a mako, albashi, da ayyukan da ka yi ɗaya bayan ɗaya. Kwana 60 kacal ake ba ka bayan an gayyace ka ka shigar da takardunka, ni kuma na cinye 40 ina bin sa hannun manaja. Karɓi wasiƙarka tun kuna shiri da maigidanka.

Jamus ta fi daɗi ga wanda ya riga ya samu aiki. Da katin Blue Card, wato izinin zama da aiki na ƙwararru, wata 27 ya isa ka nemi zama na dindindin, ko 21 idan Jamusancinka ya kai matakin B1, wato matsakaicin mataki. Japan na rage jira zuwa shekara ɗaya ga mai maki 80 a tsarinta na makin ƙwararru. Ostareliya ba ta karɓar wanda ya cika 45 a bizarta ta ƙwararru mai lamba 189.

Amurka ce nake cewa a yi hattara. Girin kad (izinin zama na dindindin) na ma'aikata kusan 140,000 ne a shekara, kuma kason kowace ƙasa bai wuce kashi 7 cikin 100 ba, shi ya sa 'yan Indiya ke shafe shekaru a layi. Ƙasar haihuwarka ake dubawa, ba fasfo ba. Idan kana da digiri na biyu da aikin da za ka iya nuna amfaninsa ga ƙasar, bincika nau'in girin kad da ake kira EB-2 NIW: da kanka za ka shigar, ba sai kamfani ya tsaya maka ba.