Yadda ake warware katin girafik a saka masa bulok ɗin ruwa

Toh jama'a, kafin ka taɓa sukurudireba ka fara tabbatar da bulok ɗin da ka saya, wato farantin ƙarfen da ruwa ke bi ta cikinsa yana sanyaya katin a madadin fanka, na katinka ne sak. Suna ɗaya ba ya nufin allon lantarki ɗaya, RTX 3080 na Asus daban, na MSI daban, Founders Edition na Nvidia ma nasa daban, ramukan sukuru ba sa haɗuwa. Kuma ka sani wasu kamfanonin in ka buɗe kati garanti ya tafi kenan.

Ka fara kunna katin yayi aiki kamar minti 15, ka duba zafinsa a manhajar HWiNFO ko GPU-Z ka rubuta don ka samu abin gwadawa daga baya, kuma ɗumin nan yana sassauta tsohon man zafi, wato man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya. Sai ka kashe, ka zare wuta, ka taɓa ƙarfen kes ɗin ka sauke lantarkin jikinka.

Ciro katin daga kes, juya shi ka cire murfin baya, ka ɗau hoto a kowane mataki saboda sukurorin tsawonsu ba ɗaya bane, wasu katunan ma sai da Torx, sukurudireba mai bakin tauraro. Guda huɗun nan masu sifirin da ke kewaye da cif ɗin su ne na ƙarshe, ka dinga sassauta su kaɗan kaɗan a gicciye, wannan kusurwa sai waccan. In sun fita kada ka fizgi ƙarfen sanyayan dan Allah, ɗan murɗa shi hagu da dama a hankali har ya saki, sannan ka ɗaga kaɗan ka leƙa ciki domin wayar fanka da ta fitila suna nan maƙale da allo, ka kama kan soket ɗin ka zare, ba wayar ba.

Cif ɗin girafik tsirara yake, ba shi da hular ƙarfe irin ta CPU, silikon ne kawai mai ƙyalli kamar gilashi, gefensa na iya ɓantarewa. Goge shi da sinadarin gogewa na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, ka kula da ƴan mitsi mitsin abubuwan da ke zagaye da shi, farce ma yana iya tsige ɗaya.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu sosai, fad ɗin zafi, ƴan faifan nan masu laushi da ke kai zafi zuwa bulok. Nan ne mafi yawan aiki ke lalacewa wallahi. Takardar bulok zata gaya maka kaurin da za'a sa a kan memori da wanda za'a sa a kan VRM (ɓangaren da ke daidaita wutar cif), wani 0.5mm wani 1mm wani 1.5mm, kada kace ai duk ɗaya ne, in yayi kauri zai tokare bulok ya hana shi zama a kan cif sai kaga zafi ya haura duk da ruwan, in yayi siriri kuma memori bata taɓa komai, ita kuwa memori irin GDDR6X dama can zafi gareta. Ka ɓare ledar gefe biyu, ta ƙasan ce ake yawan mantawa. Man zafi kuma shafa shi zakayi ya rufe cif gaba ɗaya har kusurwoyi, ɗigo a tsakiya bai wadatar ba a nan. Ni shawarata ka ɗora bulok ka ɗaure, ka sake cirewa ka duba shatin da ya bari a jikin man da fad ɗin, ɓata man kaɗan ya fi ɓata kati.

Wajen ɗaurewa a gicciye dai, in sukuru ya tsaya ka barshi, ba ƙarfi ake nunawa ba.

Haɗa tiyo, toshe ramukan G1/4 (ramukan haɗa tiyo na jikin bulok) da baka amfani da su, kada ka haɗa tagulla da alminiyom a layin ruwa ɗaya domin tagullar zata sa alminiyom ɗin ya dinga cinyewa. Gwajin yoyo kuma famfo kaɗai zaka ba wuta, komai a cire, ka shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowace mahaɗa ka barshi ya kwana. In ka kunna daga baya kaga tazarar zafin cif da wurin da ya fi zafi ta wuce digiri 20 sosai, bulok bai zauna ba, sai ka sake buɗewa.