Yadda za ka tattara tarihin ƙauyenku da salsalar gidanku tun tsofaffin na raye

Yawancinmu in aka ce mu jero sunayen iyaye daga uba sai kaka sai wataƙila baban kaka, daga nan shikenan mun tsaya, in kuwa ɓangaren uwa ne ma abin ya fi muni. Kuma fa ba wai babu masu sani ba ne, suna nan a ƙauye a zaune a zaure ko gindin bishiya, kawai dai ba wanda ya taɓa zama ya tambaye su da gaske. To ga yadda ake yin aikin, ba sai kana da digiri a tarihi ba, waya mai rikodin da littafin rubutu da fensir da haƙuri sun ishe ka.

Lokaci tukuna. Kar ka je da damina, kowa na gona, wanda ma ba ya iya noman hankalinsa na can. Bari sai an gama kaka an kai amfani gida, da rani mutane ke da sukunin hira. Hantsi ya fi kyau ko bayan la'asar. Kuma ko garinku ne kar ka faɗa kai tsaye, ka fara zuwa wajen mai unguwa ya kai ka gun dagaci, ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da ni, don in ka tsallake su gobe za ka ji ana cewa wai wani yaro na yawo yana tambayar iyakar gonaki, ko an ce gwamnati ce ta turo shi, daga nan bakin kowa ya rufe. Ka riƙe goro, sabulu, ɗan turare ko sukari. Ba sayen labari kake ba, ba a dai zuwa wajen tsoho hannu rabbana.

Wa za ka fara da shi? Wanda ya fi kowa tsufa da rauni, ba wanda ya fi kowa muƙami ba. Dagaci mai shekara hamsin zai jira ka, tsohuwa mai casa'in ba lallai ta jira ba. Kuma ni a ganina tsofaffin mata sun fi maza amfani a maganar dangantaka nesa ba kusa ba. Namiji zai ba ka jerin sarauta da yaƙi da wane ya haifi wane, amma kaka ko gwaggo ita ce ta san matan da kakanka ya aura har da waɗanda ya saki, daga wane gari aka ɗauko kowacce, wa ya mutu yana goye, wa aka ba riƙo, wa ya sha nonon wa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne tunda shayarwa na haramta aure, kuma ba a rubuce yake a ko'ina ba. In kai namiji ne kuma gidan ba naku ba ne ka samu ƙanwarka ko matarka ta shiga ciki da wayar. Bayan su sai liman da malaman zaure, sai wanzami, sai maroƙa da makaɗan gidan sarauta in akwai, sai sarkin noma, sarkin ƙira, sarkin fawa. Wanzami tsoho na kallon tsagar fuskar mutum zai gaya maka wannan ta Gobirawa ce, wannan ta Barebari, wannan billen gidan su wane ne, kuma yanzu da aka daina tsagar ilimin na tafiya tare da su.

In ka zauna ka nemi izini kafin ka kunna rikodin, Baba zan ɗauki muryarka don jikoki su ji, ka yarda? Sa wayar a yanayin jirgi kar kira ya katse maka, ka tafi da fawa bank don caji a ƙauye sai a hankali. Farkon kowane rikodin ka faɗi kwanan wata da sunan gari da wanda kake hira da shi da bakinka, saboda bayan wata uku in fayil arba'in suka taru ba za ka gane na wane ne wannan ba. Sannan ka yi ta mutum ɗaya ɗaya. In ka tara dattawa biyar wuri guda wanda ya fi girma ko ya fi baki shi kaɗai zai yi magana sauran su yi ta cewa haka ne, haka aka yi, alhali kowa da abin da ya sani daban a cikinsa. Kar kuma ka sa masa amsa a baki, irin su "ashe daga Borno muka zo ko?", zai ce maka e don ya faranta maka. Ka ce Baba me ka ji iyaye na faɗa game da inda aka taso, ka yi shiru. In ya kauce ya shiga labarin farauta ko tafiyarsa ci-rani ka ƙyale shi, sau da yawa a cikin kaucewar ne sunan da kake nema ke faɗowa.

Wajen sunaye ne za ka sha wuya. Alkunya ta sa mace ba ta faɗin sunan mijinta ko ɗanta na fari, sai ka ji "mai gidan nan" ko "yaron nan", wata ma surukinta ne ke da sunan don haka duk mai sunan ta sake masa wani. Mutum guda sai ka same shi da suna uku, na yanka da laƙabi da na sarauta ko sana'a, in ba ka lura ba ka rubuta shi mutum uku. Ka rubuta duka a gefen juna. Laƙabin ma labari ne, Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi an haife shi bayan rasuwar uba, to ka ga in ka ga Gambo a jeri kuma ba tagwaye a gabansa ka san akwai waɗanda aka manta, sai ka koma ka tambaya. Ga kuma rikicin sunan makaranta, yaro na hannun kawunsa aka sa shi firamare sai aka rubuta sunan kawun a matsayin uba, wasu kuma sunan gari aka liƙa musu, yadda ka ga Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Shekaru kuwa kar ka wahalar da tsoho da tambayar wace shekara, ba haka suke lissafi ba. Tambaye shi wa ke sarauta, ko me ya faru a lokacin, kai kuma ka juya. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano 1911, yunwar Kakalaba 1914, annobar Marisuwa 1918, yunwar da ake kira 'Yar Gusau 1942, zuwan Sarauniyar Ingila 1956, kisan Sardauna Janairun 1966, komawa tuƙin hannun dama 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira 1973 wanda ya haɗu da babban fari, kisan Murtala da fara UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, duk 1976. Sunan yunwa na iya bambanta daga yanki zuwa yanki, don haka ka tambayi yadda ake kiranta a garinku. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne mai kyau, a Kano Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963, a Katsina Dikko 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo zuwa 1981. In tsohuwa ta ce "ina goyon babanku aka kashe Sardauna" ai ka gama samun shekarar haihuwarsa. In kuma ka ci karo da shekarar Hijira a rubuce ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, misali 1321 za ta ba ka 1903.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da nake so kowa ya riƙa yi. Tsakanin uba da ɗa a ƙiyasi shekara talatin ne ko sama kaɗan. Daga jihadin Shehu na 1804 zuwa yau ya kai wajen hawa bakwai kenan. To in an ba ka suna huɗu kacal aka ce na huɗun shi ya karɓo tuta, ka san an tsallake mutane a tsakiya, yawanci waɗanda ba su yi sarauta ba ko ba su bar 'ya'ya maza ba su ake zubarwa. Ba ƙarya tsohon ya yi maka ba, haka jeri ke gajarcewa a baki.

Sai maganar asali, nan fa sai ka yi taka-tsantsan. Kusan kowane gida za su ce maka daga gabas aka zo, Borno ko Yaman ko Makka, ko kuma daga Malle ko Futa. Ka rubuta yadda aka faɗa, da sunan wanda ya faɗa, amma ka raba abin da mutum ya gani da idonsa da abin da ya ji daga wanda ya gani da kuma abin da "ake cewa". In gida biyu suka saɓa kan wanda ya fara saran garin kar ka zama alƙali, rubuta duka biyun. Kuma za ka ci karo da abin da ba a so a faɗa, wata unguwar asalinta rinji ce, wato mazaunin bayi masu noma, wata kakar ƙwarƙwara ce, wani gidan Maguzawa ne har kwanan baya, wani an tuɓe shi daga sarauta kan kuɗin haraji. Za a gaya maka a asirce bayan an ce kashe wayar. To ka kashe ta da gaske. Abin da zai hana wata yarinya aure ko ya tada rigimar gona ko ta dagatai ba shi da wuri a guruf ɗin WhatsApp, kuma duk wanda ya fara aikin nan don ya tabbatar gidansu ya fi na wasu gara ma ya bari. Hadisin da ya ce a koyi nasaba ai don sada zumunci ya ce.

Ka fita daji ma. Ka sa wani tsoho ko mafarauci ya kai ka kufai, inda ka ga kukoki sun yi cincirindo ba gida kusa galibi tsohon mazauni ne. Duba ragowar ganuwa, ramukan marina, matacciyar rijiya, tsohuwar maƙabarta, katanga da kashin tama inda aka yi narkar ƙarfe. Ɗauki hoto, ka adana lokeshin a waya, kar ka haƙa komai kar kuma ka kwashe. Ka tambayi dalilin tashi, harin Ningawa ne ko na Maraɗawa, yaƙin basasar Kano na 1893 ne, ruwa ne ya ƙafe, ko kuwa an matso bakin titi ne kawai bayan zaman lafiya ya samu.

Takardu kuma sun fi yadda kake zato yawa. Malamai da dama na rubuta haihuwa da mutuwa da ajami a bangon Alƙur'ani ko cikin kundi, ga takardun rabon gado na kotun alƙali, rasit ɗin haraji da jangali na kafin a soke su a Kano da Kaduna a 1979, tsohon fasfo na Hajji, rajistar firamaren garin a ofishin hedimasta. Kar ka ce a ba ka aro, ba za a ba ka ba kuma suna da gaskiya, ɗauki hoto a nan gaban mai shi shafi shafi a inuwa mai haske. In ka samu hali ka je Kaduna gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa, can rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta lokacin ƙiyasin haraji suke, da littattafan gundumomi, wani lokaci har da jerin dagatai da yawan mutane da sana'o'in gari. Ka nema da sunan gunduma da lardi na zamanin Turawa, ba sunan jiha ba, ɗan Jigawa ya duba lardin Kano, ɗan Zamfara ya duba na Sakkwato, kuma ka gwada rubutun sunan garin iri iri don Bature yadda ya ji yake rubutawa. Ka tuna kuma hakimi da tafinta ne suka gaya masa, don haka ba wahayi ba ne. Akwai Arewa House nan Kaduna a gidan Sardauna, akwai hukumar tarihi ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato. 'Yan'uwa na Nijar kuma sai Yamai, gidan ajiyar takardu na ƙasa da cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Yamai, sai dai galibi da Faransanci za ku same su.

In aka ce maka wane ya tafi gabas bai dawo ba, ko ya bi fatake Gwanja, kar ka ja layi ka rufe. Mahajjatan ƙasa da yawa sun zauna a Sudan, garin Mai Wurno ma mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, masu fataucin goro kuma zuriyarsu na zangon Salaga da Kumasi. Rubuta sunansa da shekarar tafiyar da wanda ya tafi da shi, ana dacewa a Facebook.

Zanen bishiyar ka yi shi a babban kwali da fensir don za ka yi ta gogewa. Ka jera 'ya'ya ɗaki ɗaki, kowace mace da nata a ƙarƙashinta, agola da ɗan riƙo ka sa musu alama daban, wanda ba ka tabbatar ba ka sa alamar tambaya. Idan ya haɗu ka bari sai da Sallah da 'yan birni suka dawo gida, ka sa ƙungiyar ci gaban gari ta kira zama, a karanta da ƙarfi a gaban dattawa, za ka ga gyara na fitowa ta inda ba ka zata ba, sannan a shiga cikin gida a sake karanta wa mata. Bayan gyara ka buga, ka yi fotokwafi, ɗaya wajen dagaci ɗaya wajen liman ɗaya a makaranta. Muryoyin kuma kar ka bar su a waya ɗaya, ka tura wa kanka ta imel ko Google Drive, ka kwafa a memori biyu ka ba wani ɗan'uwa da ke wani garin ya ajiye ɗaya.