Darasi na 9: Yaron da ƙwan marainansa bai sauko ba

Iyaye mata da maza, wanga darasi akwai kunya cikinsa na sani, amma ku daure ku karanta har ƙarshe don maganar haihuwar ɗiyanku ce nan gaba.

Yaro namiji tun yana cikin uwa ƙwayayen marainansa can cikin cikinsa suke, sai wajen wata bakwai zuwa takwas na ciki suke gangarowa su shiga jakarsu. Wani yaron sai ɗaya ya tsaya a hanya, yawanci nan wajen matsematsi. Cikin jarirai maza 100 da anka haifa da cikar wata kamar 3 na zuwa haka, bakwaini kuwa abin ya fi yawa sosai.

Uwa, ke za ki fara ganewa. Lokacin wanka da ruwan ɗumi, yaro ya saki jiki, ki ɗumama hannunki ki taɓa jakar a hankali, ya kamata ki ji ƙwai biyu kamar 'ya'yan gyaɗa. Kar ki duba da sassafe cikin hunturu da hannu mai sanyi, sanyi na sa ƙwan ya noƙe sama ko da lafiyarsa lau. In kin ji ɗaya kawai, gefe guda ya motse kamar ba komi ciki, to ki faɗa ma maigida, ki kuma nuna ma ma'aikaciya ranar rigakafi. In duka biyun babu, wannan kam asibiti tun a kwanakin farko.

Da yawa suna saukowa da kansu cikin wata uku zuwa shida. In ya wuce wata shida bai sauko ba, da wuya ya sauko, kuma nan ne mutanenmu ke kuskure, a ce a bari sai lokacin shayi wanzami ya gani, yaro ya kai shekara shida ko bakwai, lokacin an makara wallahi. Ƙwan na son wuri mai ɗan sanyi fiye da cikin jiki, in ya daɗe cikin zafi sai ya lalace, haihuwa ta yi wuya, ga haɗarin ciwon daji (kansa) in ya girma, ga ƙaba da kan zo tare da shi. Murzawa da man zafi ko jiƙo ba su saukar da shi, kar ku ja shi da hannu don Allah.

Maganin ƙaramin aiki ne, an fi son a yi shi tsakanin wata 6 zuwa 18. Ana ba yaro maganin barci, likita ya jawo ƙwan ya ɗinke shi cikin jakarsa, kamar awa ɗaya an gama, sau da yawa ranar ake sallama ko washegari. Nan Sakkwato akwai likitocin tiyatar yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

In yaro ya tashi da kuka mai tsanani, wurin ya kumbura ya yi ja, ko yana amai, ƙwan na iya murɗewa ne, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare.

Aikin gida: rubuta cikin littafinki watannin ɗanki nawa yau, sannan ki duba shi wajen wankan yamma.