Kafin ku biya kuɗin allurar sitem sel, ga yadda za ku bincika

Makon jiya gwaggona da ke Makka ta turo min wani bidiyo a WhatsApp, wai wani asibiti a ƙasar waje yana allurar sitem sel, wato ƙwayar halitta ɗanya da ke iya rikiɗa ta zama wasu irin ƙwayoyin jiki, allura ɗaya tak tana warkar da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki da karkarwar nan ta Fakinsin da ke damun Baffa, har ta fara maganar kai ɗankunnenta na zinare kasuwa. Na ce Gwaggo don Allah ki dakata tukun. Abin ya tsaya min a rai wallahi, don ilimin nan gaskiya ne, masu talla ne ke cin kasuwa da sunansa.

Ku fara sanin me ake nufi. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto a Japan ya ɗauki ƙwayar halittar ɓera da ta riga ta girma, ya saka mata ƙwayoyin gado huɗu, Oct4 da Sox2 da Klf4 da c-Myc, sai ta koma ɗanya kamar ta farkon halitta, za a iya mayar da ita tsokar zuciya ko ƙwayar ƙwaƙwalwa ko ta ido. Ita ake kira iPS. A 2007 aka yi da ta mutum, 2012 ya samu Nobel tare da John Gurdon na Ingila. Daga fatarka ko jininka ake ɗauka ba sai an taɓa ɗan tayi ba. Yanzu masu bincike kan ɗebi jinin mara lafiya su raino ƙwayoyin zuciyarsa a faranti, kana kallo ta madubin ƙara girman abu suna harbawa, a gwada magani a kansu kafin a ba mutum.

Toh tambaya ta farko ga asibitin, wane irin sel ne za ku sa wa mara lafiya? In sun ce daga kitsen ciki ko cibiyar jariri aka ciro, wannan ba iPS ba ne ko da sun liƙa hoton Yamanaka. Kuma kar a haɗa muku shi da dashen ɓargo da ake yi wa masu sikila da kansar jini, shi tsohon aiki ne tabbatacce, Asibitin Sarki Faisal a Riyad ya daɗe yana yi.

In sun ce iPS ne, ku tambaya me suka mayar da ita kafin dashe. Nan ne haɗarin yake. Ba a zuba wa mutum iPS ɗanya, don takan zama ƙari a jiki, irin ƙarin da ake fasawa a tarar da gashi da ƙashi a ciki. Shi ya sa likitocin gaske ke tafiya a hankali, a 2014 a Kobe mace ɗaya kacal aka fara yi wa dashen a ido, gwajin Fakinsin na Kiyoto da aka fara 2018 mutum bakwai ne, kuma aka bi lafiyarsu shekara biyu. Wanda ya ce ku zo yau ku koma gida jibi an gama, ku riƙe jakarku.

Sai ku nemi lambar rajistar gwajin maganin, tana farawa da NCT, ku saka ta a shafin intanet na rajistar gwaje-gwajen magani wato ClinicalTrials.gov ku ga ko sunan cutar da na asibitin sun dace. Amma ganin suna a can ba izini ba ne, a nan Saudiyya ku tambayi amincewar hukumar abinci da magunguna wato SFDA. Gwajin gaskiya yawanci ba a cajin mara lafiya kuɗin maganin, kuma akwai takardar yarda, ku ce a ba ku ta Larabci ku tafi da ita gida a karanta muku a tsanake.

Kar a daina shan magani ko allurar insulin saboda an sa ran tafiya. Ku tattara sakamakon gwaje-gwaje da bidiyon tallan ku nuna wa likitan da ya saba duba shi. Mu Baffa yana da layin ganin likitan jijiyoyi a Jidda ranar Talata, ni zan raka shi in Allah ya yarda, tambayoyin nan na rubuta su a takarda na saka cikin fayil ɗinsa.